Jinjina ga Injiniya, Mai Na'urar da Ba Ta San Sunanta Ba

An ɗora mini nauyin rubuta 'yan kalmomin yabo da za a karanta ranar da ofishinmu zai karrama Injiniya, bawan Allahn da ya shekara uku yana riƙe da na'urar da ke kai mana imel tana karɓo mana, wadda masu fassara ke kira uwar garke, mu kuwa saba muke ce mata. Hannu bibbiyu na karɓi aikin. Ni ne magatakarda, duk wasiƙar da ta fita ta dawo a teburina take sauka, saboda haka in dai ayyukan Injiniya ne babu wanda ya kai ni riƙe lissafi. Sauran ma'aikata a fuska suka san shi. Ni ta takardun da garuruwan duniya suke maido mana na san shi, har na iya karatunsu ba da niyya ba.

Zan fara da tawali'u, don shi ne halin da ya fi fice da shi, har ya koya wa ƙarfe. A wajenmu jariri kwana bakwai yake yi a yanka rago, liman ya raɗa suna, sanƙira ya ɗaga murya unguwa ta ji. Sabarmu ta shekara biyu cur ba a ɗora wa kowa wannan ɗawainiya ba. Ranar da aka girka ta, ta tambayi Injiniya sunan da za ta riƙa amsawa, ya danna gaba, sai ta zauna da sunan yanka na dukan na'urorin duniya, localhost.localdomain. Ma'anarsa ba ta wuce "ni ɗin nan ta gidan nan" ba. Kowace kwamfuta haka take kiran kanta idan tana zancen zuci, lambar ma ɗaya ce ko'ina, 127.0.0.1.

To, ƙa'idar aika imel da Jon Postel ya rubuta a 1982 ta tanadi sallama. Idan na'ura ta je ƙofar 'yar uwarta da saƙo, takan fara da HELO, ko EHLO a sabon yayi, sannan ta faɗi cikakken sunanta, nata da na gidan da ta fito. Tamu takan je ƙofar Legas, ta je ta Landan, ta ƙwanƙwasa da tsakar dare. A ce wace ce, ta ce ni ce. A ce ke wa, ta ce ni ce mana. Masu gidajen, da yake ba su san darajar baƙo ba, sai su maida ƙofa su sa sakata, su liƙa wa wasiƙar lamba 550, wato kada a sake ganin ƙafarki. Su dai sun ɗauka ɓarauniya ce, ba su san kunya ce ta hana ta faɗin sunanta ba.

A farko manhajar Sendmail ce a kanta, wadda Eric Allman ya rubuta a Berkeley. Ita tsohuwa ce mai tsegumi: in ta tashi ta ga ba ta san cikakken sunanta ba, sai ta rubuta koke, ta kwanta barcin minti ɗaya kafin ta sake gwadawa. Wani raggon ma'aikaci da ya karanta koken ya ba ta suna, magana ta mutu. Injiniya ya hango nesa. Ya tuɓe ta ya sa Postfix, wadda ba ta wannan barci, ya rubuta a rahotonsa cewa saba ta ƙara sauri. Ta ƙara kuwa. Yanzu cikin daƙiƙa ɗaya ake korar ta.

Da ƙorafi ya yi yawa sai hali na biyu ya bayyana, riƙo da turbar magabata. Kafin 1983 duk sunayen na'urorin da ke haɗe da juna a kundi ɗaya suke, HOSTS.TXT, a hannun Elizabeth Feinler da ma'aikatanta a cibiyar SRI ta Kalifoniya. Mai son suna ya nema a wajensu, kowa ya kwafi kundin ya ajiye. Da na'urori suka fi ƙarfin kundi, Paul Mockapetris ya tsara DNS, inda kowane gida ke riƙe da rajistar 'ya'yansa, mai nema kuma ya bi tambaya daki-daki: daga tushe a nuna masa masu riƙe da .ng, su kuma su nuna masa na'urar da ke amsa tambaya a madadin gidan, kamar baƙon da sarkin tasha ya tura wa mai unguwa, mai unguwa ya haɗa shi da yaro. Shekara arba'in da ɗoriya duniya na kan wannan tsari. Injiniya bai ruɗu da yayi ba. Ya buɗe ɗan kundin hosts da ya rage a kowace kwamfuta tun wancan zamani, ya rubuta sunan sabarmu da lambarta a cikin nasa laftof, ya kira Oga ya juya masa fuskar na'urar.

"Ranka ya daɗe, ka gani da idonka. A wajena yana aiki."

Ina shaida ko a gaban alƙali cewa bai taɓa ƙarya a wannan magana ba. A wajensa yana aiki. Laifin na duniya ne da ta ƙi zuwa ta leƙa laftof ɗinsa kafin ta aiko mana wasiƙa. Daga baya ya kwafi layin a kan sabar kanta, ya buga ping, ta amsa, ya tafi gida. Ita kuwa Postfix, in za ta kai wasiƙa waje, DNS take tambaya, ba ta waiwayar wancan kundi sai an umarce ta. Wannan taurin kai nata ne, ba za mu ɗora wa Injiniya ba.

Sai ranar da aka yi suna na gaskiya, aka shigar da mu rajistar duniya. A nan ya nuna tattali. Akwai layin da ake kira MX, wanda aka shigo da shi a 1986, aikinsa ya faɗa wa duniya wace na'ura ce ke karɓar wasiƙun gida kaza. A kundin da ake rubuta shi, cikakken suna dole ya ƙare da ɗigo. In babu ɗigon, na'ura takan ɗauka ba ka gama ba, ta ƙarasa maka da sunan gidan. Injiniya ya ga ɗigo almubazzaranci ne, ya bar shi. Sai sunanmu ya fita da wutsiya biyu, kamar mutumin da ya ce sunansa Wane Kano, magatakarda ya rubuta Wane Kano Kano. Duk mai aiko mana wasiƙa sai ya tafi neman wannan bawan Allah, a ce ba a taɓa haihuwarsa ba.

Ban taɓa ganin zaman lafiya irin na makonnin nan ba. Masu bin mu bashi suka yi tsit. Masu binciken kuɗi ba su nemi takarda ko ɗaya ba. Hawan jinin Oga ya sauka, har ya fara gaisawa da masinja. Kwangila guda ta wuce mu saboda an ce an aiko da ranar ganawa ba mu zo ba, amma dama rabon wani ce.

Da ya maida ɗigon kuma bai yi gaggawar ƙara lambar siriyal ta kundin ba, wadda ita ce na'ura ta biyu mai amsa tambaya take dubawa ta san an yi gyara. Sai ta farko tana ba da sabon suna, ta biyu tana ba da tsohon. Wanda ya dace da ta farko wasiƙarsa ta iso, wanda ya faɗa hannun ta biyu tasa ta koma. Rabin duniya ya same mu, rabi bai same mu ba, babu son kai babu sanayya. Waɗanda suka iso ɗin ma akwai lokacin da sabar ta karɓe su ta duba, ta ga ba a gaya mata wasiƙun gidanmu nata ba ne, ta tambayi DNS ina za ta kai, aka nuna mata kanta, sai ta rubuta cewa hanya ta zagayo ta dawo gare ta, ta maida wa masu su. Ɗan aiken da aka kwatanta wa gida, ya je ya tarar gidansu ne, ya ce bai san mutanen ba. Amana ke nan: ba ta karɓar abin da ba a ce nata ba ne.

Yanzu na zo kan babbar karamarsa, wadda ko ita kaɗai ta isa a ba shi lambar yabo, wato awa 48. Duk abin da ya faru, ko ɗigo ne ko waƙafi, Injiniya yakan gyara zama ya ce, "Ai na taɓa DNS, sai ya yaɗu, ku ba shi awa 48." Yadda yake faɗa sai ka ɗauka labari ne ke tafiya a bayan raƙumi daga Kano zuwa Agadas, yana kwana a kowane zango.

Masu hassada suna cewa babu abin da ke yaɗuwa. Wai kowace amsa da DNS ya bayar tana ɗauke da wa'adi da ake kira TTL, na daƙiƙoƙi, kuma na'urar da ta yi tambaya takan haddace amsar ne iya wa'adin, in ya cika ta sake tambaya. Wai mai gida ne da hannunsa yake rubuta wa'adin: in ya sa 86400 kwana ɗaya ke nan, in ya sa 300 minti biyar. Wai mai hankali yakan rage shi tun kwana ɗaya kafin ya yi gyara, sai sauyi ya kama cikin mintuna. Har suna cewa da umarnin dig za ka iya tambayar na'urar da ke riƙe da kundin kai tsaye, ka ga ko abin da ka rubuta daidai ne, kafin shayinka ya huce, kuma kuskuren da ke cikin kundi ko an shekara ana jira ba zai gyara kansa ba. Duk na bincika, gaskiya suka faɗa. Abin da ba su gane ba shi ne awa 48 makaranta ce ta haƙuri, an kuma ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Mu mun dafa, romon ne dai bai iso ba tukuna.

Dubi kuma yadda lissafin ya zauna. Na'urar da ta kasa isar da wasiƙa saboda tangarɗar wucin gadi ba ta yar da ita nan take, takan riƙe tana sake gwadawa kwana huɗu zuwa biyar, Postfix ma kwana biyar take yi in ba a sauya mata ba. Awa 48 ta farko ta cika, Injiniya ya zo ya sake taɓa wani abu, agogo ya koma farko. Ta biyu ta cika, kwana huɗu ke nan. Kafin ta uku ta yi nisa wasiƙun sun gaji sun koma wa masu su. Matsala ta ƙare da kanta, babu sauran wasiƙar da ke jira. Wane likita ne ya taɓa sallamar marasa lafiya da sauri haka?

Sai kishin kai. A ƙofar manyan gidajen imel, faɗin suna bai isa ba. Sukan ɗauki lambar IP da ka zo da ita su tambaya ta baya: mai wannan lamba wane ne? Layin da ke amsa wannan shi ake kira PTR. In ya ba da suna, su sake tambayar sunan su ga ko zai maido su kan lambar. Kamar baƙon da ya ce shi ɗan gidan wane ne, aka aika gidan a ji ko sun san shi. Matsalar ita ce wannan layi ba ya hannun mai gida, yana hannun kamfanin da ya ba ka intanet, don lambar tasa ce. Sai ka rubuta musu ko ka buga waya ka ce don Allah ku sa mini suna kaza a kan lamba kaza. Injiniya ba ya roƙo. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara, Google ya ce duk mai aiko wa Gmail sai lambarsa ta amsa suna gaba da baya, sai kuma ya zo da shaidar SPF ko DKIM, mai aika dubu biyar a rana ya haɗa da DMARC. Da wasiƙunmu suka fara dawowa, Injiniya ya tara mu ya bayyana mana cewa Turawa ne ba sa son ci gaban Afirka. Muka jinjina kai. Shagon buga takardu da ke ƙasan benenmu yana aika wa Gmail lafiya lau, amma wataƙila su ba a gano 'yan Afirka ba ne.

SPF ɗin ma ya yi mana, har guda biyu, don alheri ba ya yawa. Ƙa'ida ta ce gida ɗaya layi ɗaya, in aka ga biyu duka sun ɓaci.

Kada in manta da karamar da ta fi ciyar da shi. A irin girkin da aka yi wa sabarmu, Postfix a kulle take, tana zaune a wani ɗaki da aka keɓe mata, ba ta ganin sauran gida. Takardar da ke ɗauke da adireshin wanda za ta riƙa tambaya suna, resolv.conf, kwafi ake miƙa mata lokacin da ta tashi. In an ɗauke wuta aka tada janareta, sabar takan riga na'urar intanet farkawa, sai a miƙa mata takardar babu komai a ciki. Daga nan duk gidan da aka ce ta kai wasiƙa sai ta ce ba ta sami sunansa ba, har Gmail. Sai a kira Injiniya. Ya iso bayan la'asar, ya shiga ɗakin saba ya rufo ƙofa, ya kashe ya kunna, yanzu takarda ta cika, wasiƙu su zubo kamar an ɓalle famfo. Ya fito yana share gumi, akawu ya ba shi kuɗin mai. An ce layi ɗaya zai sa ta riƙa jiran intanet kafin ta tashi, a huta har abada. To in an huta, wa zai riƙa zuwa duba mu? Zumunci a ƙafa yake, wuta kuwa a unguwarmu ba ta fashin ɗaukewa.

Duk waɗannan abubuwa sabar tana rubuta su da kanta, layi bayan layi, da rana da sa'a, a kundin da take ajiyewa. Injiniya ba ya buɗe shi. Mutum ne mai sakaya sirri, ya san a bar kaza cikin gashinta. Ranar da na yi karambani na buga shafi biyu na kai masa, na nuna masa inda ta rubuta ƙarara cewa ba ta sami suna ba, ya dube ni da tausayi ya ce, "Malam, wannan ba fanninka ba ne." Washegari aka sauya kalmar sirri. Da Oga ya tambayi ɗaruruwan wasiƙun da suka taru a layi suna jiran fita, ya buga umarni guda ya share su kaf, ya nuna masa allo fayau. Oga ya sa masa albarka.

In wani ya ce wannan sakaci ne, sai mu ce ya ɗaga kai ya dubi manya. Kamfanin MasterCard ya rubuta sunan ɗaya daga na'urorinsa masu amsa tambayar DNS da ƙarshen akam.ne maimakon akam.net, harafi ɗaya ya faɗi, sai adireshin ya koma Nijar, don .ne tata ce. Daga tsakiyar 2020 har Janairun 2025 abin yana nan, sai da wani mai binciken tsaro, Philippe Caturegli, ya biya dala 300 ya jira kusan wata uku ya yi rajistar sunan a Nijar don kada ya faɗa hannun ɓata-gari, sannan aka gyara. A 2023 aka fallasa cewa shekara da shekaru wasiƙun da aka nufi sojojin Amurka da su, masu ƙarewa da .mil, suna sauka a .ml ta Mali. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace kusan awa shida, bayan wani kuskure ya sa hanyar zuwa na'urorinsu na DNS ta janye daga intanet. Injiniya ya haddace waɗannan labarai kamar karatun allo, yana kawo su duk ranar da aka matsa masa. Kuma yana da hujja. MasterCard da dukiyarsa sai da ya shekara huɗu da rabi a kan harafi ɗaya. Namu shekara uku kacal ya yi, ya riga ya taɓa ɗigo, ya taɓa suna, ya taɓa lamba. Su kuskure ɗai-ɗai suka iya. Facebook ma awa shida ya yi ya karaya ya gyara, ko kwatar awa 48 bai kai ba.

Saura aikinsa na baya-bayan nan, wanda ban so a rufe taro ba a ambata ba. Sunan gida a intanet haya ne, ana sabunta shi, kuma kamfanin da aka yi rajista a wajensa yakan aiko da tunatarwa kafin wa'adi ya cika. Injiniya, saboda kishin gida, adireshin da ya ba su na kan sabarmu ne. Tunatarwar ta zo ta farko, ta zo ta biyu, a makonnin da ba ma karɓar baƙi. Jiya da safe sunan da aka sha wuya aka raɗa ya faɗi, sabarmu ta koma yadda aka haife ta.

Katin gayyatar bikin karramawar ta imel muka aika, yau da hantsi, ga mutum tamanin. An karɓo hayar kujeru da rumfa, an ba mai dafa abinci kafin alƙalami. Yau Alhamis, biki Asabar. Na same shi a bakin ɗakin saba na ce, "Injiniya, anya baƙin nan za su sami katin kuwa?" Ya dubi agogonsa, ya ƙirga da yatsu, ya ce in kwantar da hankalina, lokacin ya yi daidai.